Ɗakin Hajja Barakatu

Ranar da aka rushe ɗakin surukata, ni na dafa wa masu rushe shi shayi. Har sukari na ƙara musu. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka a gefe nake ina kallo. A cikin gidan nake, kuma da aka yi guɗa, da muryata a ciki.

Sunana Ramatu. Ina aure a Hillat Tukur, ƙauyen Hausawa a bakin kogin Bahar Azrak, gaba da Abu Hujar. Mijina Abdulmuttalib, wanda kowa ke kira Abu Sara, shi ne ɗan fari kuma namiji tilo wajen Hajja Barakatu, ungozomar ƙauyen. Duk wanda bai kai arba'in ba a Hillat Tukur a hannunta ya faɗo duniya, har da ni.

Ɗakinta na ƙasa ne mai kaurin bango, a bakin hanya. Marigayi mijinta ya fitar masa da ƙofa ta waje, don mai naƙuda ta shigo ba sai ta ratsa ta gaban maza ba. Gado biyu ne a ciki, irin namu na igiya da ake kira angarib, ɗaya nata, ɗaya na masu haihuwa. Ko a tsakiyar bazara ka shiga ɗakin nan, sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa.

Abin da ya fi ƙarfin Hajja sai asibitin Singa. Da rani tafiyar awa biyu ce in an samu mota. Da damina kuwa baƙar ƙasar nan tamu takan zama kamar danƙo, ko tarakta sai ta yi da gaske. Hajja ta san sunan kowace mace da ta cika a wannan hanya.

Wata biyu kafin zaɓen shekarar dubu biyu da goma, Ustaz Muzammil ya zo. Ɗan kasuwa ne a Sennar, yana neman kujerar majalisa a jam'iyya mai alamar buta. An ce ɗanmu ne, kakanninsa da namu tare suka taho daga Sakkwato, amma Hausarsa sai ka yi haƙuri da ita. Abu Sara ne ya yi masa jagora gida-gida. Da suka iso namu, Ustaz ya cire takalmi a ƙofar Hajja, ya durƙusa a tabarma da farar jallabiyarsa, ya kama hannunta ya sumbata.

"Ya Hajja, an ba ni labarinki," in ji shi. "Wallahi in na ci, ba macen da za ta ƙara mutuwa a hanyar Singa. Markaz zan gina nan, ƙaramin asibiti, da ɗakin haihuwa, da mota tsaye a ƙofa. Fili kawai muke nema a tsakiyar gari, bakin hanya."

Hajja ta dube shi. Ta ce, "Ɗana, na ga masu neman ƙuri'a da yawa. Wasu sunka ce ruwan famfo, wasu sunka ce wutar lantarki. Har yau jaki ka kawo muna ruwa."

"Waɗancan ba jininki ba ne," in ji Ustaz. Ya sa aka miƙo masa Alƙur'anin da ke rataye a bango, ya ɗora hannu a kai, ya maimaita maganar daga farko.

Da yamma Abu Sara ya same ta tana yanka kuɓewar shanya, ya tsuguna kusa da ita. Ina gefe ina wanke kofuna. Yumma yake ce mata, yadda ake kiran uwa a nan.

"Yumma, filin da yake magana, naki ne ya fi dacewa."

"Ɗakina?"

"Wata uku kacal. Za su rushe, su gina markaz, su yi miki ɗakin jan bulo a jikinsa, da daɓen siminti. Ke za ki zama babba a wurin. Kafin nan in kafa miki rakuba a tsakar gida."

Rakuba rumfar kara ce da zana, wadda muke shan iska a ciki da rana.

"Mi zai hana su gina nawa tukuna, sannan su rushe wanga?"

"Lokaci, Yumma. Ustaz yana so mutane su ga harsashi da idonsu kafin ranar ƙuri'a. In muka yi nawa, ƙauyen gaba za su karɓe."

Ba ta kiran sunansa na yanka, don ɗan fari ne. Ta ce, "Abu Sara, ka yarda da mutumin ga?"

"Kamar yadda na yarda da ke."

Ta goge wuƙar a gefen zaninta. "To. In ɗaki ɗaya zai tsare ran mace ɗaya, ba a yi hasara ba."

Abu Sara ne ya sa hannu a takardar filin a matsayin wakilin gida. Bai karanta mana ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Bangon ya ba masu rushewa wuya, kwana biyu suka yi a kansa. A rana ta uku aka haƙa ramukan harsashi, aka yanka rago, Ustaz ya aza bulo ɗaya da siminti, aka ɗauki hoto yana riƙe da hannun Hajja. Ita kuma ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki butar alwalarta ta shiga gari, gida-gida, tana ɗaga wa mata ita.

"Kun ga wagga? Ita za ku nema a takarda. Kowa ta sa mata alama, ta sa wa ɗiyarta gadon haihuwa."

Mata da yawa mazansu na wata jam'iyyar ne. Amma wa zai ce a'a ga wadda ta yanke masa cibiya? Ustaz ya kwashe akwatin Hillat Tukur kusan kaf.

Bai dawo ba. Saƙo dai ya zo. An ba Abu Sara babur da kujera a lajna, kwamitin da ke lura da al'amuran ƙauye. Ni aka aiko mini da tob mai kyau, lulluɓin nan namu na mata. Na yafa shi na je suna har biyu.

Wata uku suka cika, damina ta sauka. Ramukan harsashi suka cika da ruwa, kwaɗi suka tare a ciki, sauro ya biyo baya. Ruwan farko ya nuna mana rakuba ba ɗaki ba ce. Abu Sara ya kawo leda ya shimfiɗa a kan rufin, iska ta yaga ta cikin mako guda. In hadari ya haɗo, sai Hajja ta naɗe katifarta ta zauna a kai, ta rungume akwatin kayan haihuwarta don kada ya jiƙe.

Ɗaki biyu suka rage a gidan: namu da yara, sai diwan, ɗakin baƙi na maza, wanda Abu Sara ya shafe da farar ƙasa ya jera kujeru.

Na ce masa, "Abu Sara, a mai da Hajja diwan mana kafin ruwa ya ɗauke."

"Diwan ofishin jam'iyya ne yanzu. In manya suka zo daga Sennar suka tarar da tsohuwa da kayan haihuwa a ciki, me za su ɗauke ni? Wa zai damƙa mini aikin markaz?"

"Ai ba sa zuwa."

"Ranar da za su zo ba za su yi miki waya ba."

Na ce wa Hajja ta dawo ɗakinmu. Ta ce, "Ni in kwana ɗakin ɗana da matarsa? Allah shi kiyaye." Na san za ta ƙi tun kafin in buɗe baki. Sau ɗaya na tambaya.

Duk bayan 'yan watanni Abu Sara yakan hau babur ya tafi Sennar, ya dawo da sabon dalili. An ce kasafi bai fito ba. An ce an sauya minista. Da aka raba ƙasarmu gida biyu, aka ce man fetur ya tafi da Kudu, kowa ya ɗaure ciki. Hajja takan saurara har ya gama, ta ce, "Allah shi kawo sauƙi."

A damina ta biyu aka kawo Hadizatu. 'Yar Jibo ce, mai keken jaki da ke sayar mana da ruwa, kuma cikin fari ne. Da hantsi suka iso, ana tsuga ruwa. Rakuba ba ta da bango na kirki, sai mata huɗu suka tsaya suka kare ta da zannuwa, ni kuma na riƙe faranti a kan gadon ina tare ɗigon rufi. Kafin azahar ta haifi namiji mai rai. Amma jini ya ƙi tsayawa.

Hajja ta yi duk abin da ta sani. Can ta ɗago kai ta ce, "Singa. Yanzu."

Abu Sara ya kira Ustaz ko zai turo babbar motarsa mai iya laka. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A kira na biyar wani ya ɗauka ya ce Ustaz yana taro a Khartum. Jibo ya ɗora 'yarsa a keken jakinsa, da niyyar ko bakin kwalta su kai. Hajja ta bi su a ƙafa, laka har gwiwa, hannunta ɗaya danne da cikin yarinyar. Ba su kai rabin hanyar kwalta ba. Kafin la'asar suka juyo da ita a rufe.

A gidan makoki, gwaggon Hadizatu ta dubi Hajja a gaban mata ta ce, "Ina motar da kinka ce, Hajja? Mu dai mun sa wa buta alama."

Aka yi ta ce wa gwaggon ta yi shiru, ba a faɗin haka a gidan mutuwa. Hajja ta ce, "Ku bar ta. Ni nac ce masu."

Daga nan mata suka fara raguwa. Ba duka don fushi ba. Ba mai son ta haihu a rumfa, maza na wucewa suna jin nishinta.

A rani na uku manyan motoci suka sauke jan bulo a filin. Gari ya ɗauka. Waɗanda suka daina gaishe mu suka dawo suna yi mana barka. Hajja ta sa na fitar mata da kujera, ta zauna kullum tana kallon magina, har tana aika musu da kunu. Da bango ya kai ƙirji, ta taka da sanda ta samu babban maginin, wani baƙo daga Madani.

"Ɗana, ina ɗakin haihuwa zai kasance? Ku fitar masa da taga ta gabas, mai naƙuda na son iska."

Mutumin ya dube ta, ya dubi yaransa, ya yi dariya mara mugunta. "Ya Hajja, makhzan ai ba a yi masa taga. Ɗakin ajiyar buhuna ne. Riɗi da dawa."

Ta juyo, ta ce in ɗauko kujerar.

Da Abu Sara ya dawo, ta hana shi zama. "Mi aka rubuta a takardar da kas sa wa hannu?"

"Yumma, wannan na wucin gadi ne. Da ribar riɗin za a gina markaz a gefe."

"Mi aka rubuta?"

Ya sunkuyar da kai. "An rubuta mun ba Ustaz filin kyauta, da sunansa. Sun ce ƙa'ida ce, sai an sa sunan mutum tukuna sannan a mayar wa ma'aikatar lafiya."

"Ka karanta kafin ka sa hannu?"

"Na karanta."

"To je ka ci abinci," in ji ta.

Wani malamin makaranta ya ce mata a kai ƙara, tunda ba ita ta sa hannu ba. Ta tambaye shi wa za a fara kira gaban alƙali. Ya ce wanda ya sa hannun. Ta ce, "In kai ɗana kotu? Da wane baki?" Maganar ta mutu nan.

Aka rufa makhzan da kwano, aka sa masa ƙofar ƙarfe. Mabuɗin a aljihun Abu Sara yake, shi ne mai kula da shiga da fitar kaya. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ya matsar da rakubar Hajja ya jingina ta da bangon makhzan, ya ce zai tare mata iska. Abin da bai faɗa ba shi ne ƙwayar kashe ƙwari da ake sakawa tsakanin buhuna. Warinta kan biyo ta ƙarƙashin kwano ya sauko kan gadonta. Ga ƙurar riɗi duk ranar da ake lodi. Tari ya kama ta, irin wanda ba ya sakin mutum sai ya ga hawaye.

Jibo, wanda ya binne 'yarsa, shi ne ya zo wata safiya da keken jaki cike da jar ƙasa ya juye a tsakar gidanmu. Ya ce shi da maƙwabta uku za su yi wa Hajja ɗan ɗaki kafin ruwa, ko da na gado ɗaya ne.

Abu Sara ya fito daga diwan yana huci. "Baba Jibo, so kake gari ya ce na kasa riƙe uwata?"

"Ba wanda zai ce komi, ɗana. Ruwa na tahe."

"In muka gina mata na ƙasa, Ustaz zai ce an gama, ya janye alkawarin jan bulo. Ku ba ku san siyasa ba. Hakkinta nake karewa."

Jibo ya dubi Hajja. Ta girgiza masa kai a hankali, don kada a ji kansu a waje. Ya ja jakinsa ya tafi. Ƙasar ta zauna nan har damina ta narkar da ita, muka yi ta taka jar laka zuwa madafa.

A wannan daminar na roƙi Abu Sara ya buɗe wa Hajja ko lungu ɗaya na makhzan, lokacin an kwashe kaya, babu ƙwaya. Ya ce, "Amana ce, ba kayana ba." Wani ruwa mai iska ya zo da rana tsaka, na shiga rakuba na same ta zaune a kan naɗaɗɗiyar katifa, ruwa na bin wuyanta, tana sauraron yadda yake buga kwanon da ke bayanta. Na yafa mata tob ɗin da aka aiko mini. Ta cire ta miƙo mini. Ta ce in ba ta buhu.

Kada a ce mijina dodo ne. Kullum da safe yakan tsuguna ya gaishe ta. Yakan sayo mata maganin tari da lemo. In ta yi tari mai tsanani yana diwan, nakan ga ya tashi ya ƙara muryar rediyo. Ya riga ya sa duk abin da yake da shi a kan maganar mutum ɗaya, kuma in ya yarda ƙarya ce, sai ya dubi abin da ya yi wa uwarsa. Saboda haka ya ci gaba da yarda, mu kuma muka ci gaba da jira tare da shi.

Shekara biyar suka cika, zaɓe ya sake zagayowa. Ustaz Muzammil ya dawo, amma ba da buta ba. Ya koma wata jam'iyya mai alamar tsani. A filin makaranta ya ce tsohuwar jam'iyyar ce ta ci amanarsa da tamu, shi ya sa ya bar ta. Masu buta kuma suka kawo wani ɗan takara, ya ce Ustaz ne ya cinye kuɗin markaz, shi zai gina mana wanda ya fi shi. Duka biyun an tafa musu. Duka biyun sun raba sukari. Ba wanda ya leƙo rakuba.

Lokacin Hajja ba ta iya tashi. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashinta kamar ana jan zarto. Akwai boksi, ƙaramar motar ɗaukar kaya ta makhzan, kullum tana tsaye a ƙofarmu. Mako uku ina roƙon Abu Sara a kai ta Singa.

"Motar tana aikin kamfe. Ba tawa ba ce."

"To a yi hayar wata."

"Singa me za su yi mata? Ustaz ya ce da bakinsa, ana gama zaɓe zai kai ta Madani wajen babban likitan ƙirji. Ki bari a yi abu mai kyau sau ɗaya."

Ranar farko ta ƙuri'a, da sassafe, Abu Sara ya shigo rakuba da fara'a. "Yumma, shirya. Mota ta samu."

Na ga yadda idonta ya buɗe. Ta sa na goge mata jiki, na ɗaura mata farin tob ɗinta na zuwa Hajji. Ta ce in ƙulla mata kofi da carbi da zani biyu, ko za a kwantar da ita. Maza huɗu suka ɗaga ta da angarib ɗin suka sa a bayan boksi, na hau na riƙe mata laima. Da muka tashi ta kama hannuna ta ce, "Allah shi yi wa yaron ga albarka. Na san bai manta ni ba."

Motar ta tsaya a ƙofar makaranta.

Ta ɗaga kai ta ga layin mata, ta ga hotunan tsani a bango. "Nan ne asibitin?"

"Minti biyar, Yumma," in ji Abu Sara. "Ki jefa, mu wuce. Mata sun ƙi fitowa. In suka ga ke da kanki kin zo, za su fito."

"Ka ce Singa."

"Na ce mota ta samu."

Aka ɗauke ta da gadon aka shiga da ita aji. Mutane suka dare, wasu na kabbara, wani na ɗaukar hoto da waya. Da yake ba ta iya riƙe alƙalami, aka bar ɗanta ya taimaka mata. Shi ya sa alamar, shi ya naɗe takardar, ya kama hannunta ya kai bakin akwati. Ma'aikacin ya tsoma yatsanta na hagu a kwalbar tawada. Ba ta yi gardama ba. Idonta na kan rufin ajin.

Ni ma na shiga layi. Na tsaya a bayan labule ni kaɗai, ba mai ganina, ga buta ga tsani ga wasu alamomi da ban san masu su ba. Na yi tunanin likitan Madani. Na sa wa tsani.

Da muka fito, direban ya ce akwai mata suna jira a unguwar masunta, sawu uku, bayan su kuma ƙauyen gaba. Abu Sara ya ce a fara sauke Hajja gida ta huta, da la'asar sai a wuce. Aka mai da gadon rakuba, daidai inda ƙafafunsa suka yi rami a ƙasa. La'asar ta yi, motar ba ta dawo ba. Kwana huɗu aka yi ana ƙuri'a, kwana huɗu tana jigila.

Ƙullin kayan yana gefenta, ba ta bari na kwance ba. A rana ta biyu ta daina tambaya. Abu Sara ya zo gaishe ta, ta amsa masa kamar kullum, ta tambaye shi ko ya karya. Da ya fita ta ce mini, "Ramatu, in mata sunka tambaye ki wa za su zaɓa, kada ki ce masu kowa. Ko ni ce na tashi daga kabari nac ce maki."

Ta cika ranar Alhamis da hantsi, ana cikin ƙidayar ƙuri'u.

Ni da gwaggon Hadizatu muka yi mata wanka, don ita ta fara zuwa da ta ji labari, tana kuka tana neman gafara. A diwan muka yi. Ranar ba wanda ya ce ofishin jam'iyya ne. Da muka zo hannun hagu, ga tawadar nan shuɗiya-baƙa har gindin farce. Na sa sabulu. Na sa lemon tsami. Gwaggo ta kawo toka ta cuɗa, har na ji tsoron fatar za ta saɓule. Ta ƙi fita.

"Bar shi," in ji gwaggo. "An yi ta ne don kada ta fita."

Haka muka naɗe ta.

Ustaz Muzammil ya ci. Ranar sadakar uku ya zo da motoci huɗu da buhun sukari. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar makhzan, don nan ce inuwa mafi girma a unguwar. Bayan fatiha ya miƙe ya ce Hajja Barakatu uwa ce gare shi, mace ce da ko a kan gadon ciwo ba ta bar hakkinta na ƙuri'a ba. Ya ce in Allah ya so, kafin damina mai zuwa za a fara markaz, kuma sunanta za a sa masa.

Aka yi kabbara. Abu Sara yana kuka yana riƙe da hannun Ustaz da hannu biyu. Na nemi Jibo a cikin taron, na ga kansa a ƙasa. Leɓensa ya motsa. Amin ya ce, don in ba amin ba, me zai ce? 'Yarsa ta biyu tana da ciki wata bakwai.

Mutane sukan tambaye ni ko na yafe wa mijina, ko na yarda Ustaz zai cika a wannan karon. Ba ni da amsar ko ɗaya. Abin da na sani, ba jahilci ya kai mu layi ba. Hajja ta fi kowa sanin halinsu, ta faɗa wa Ustaz a gabansa. Amma mai ɗauke da mace tana zubar da jini, in aka ce masa ga mota can, ba ya tsayawa tambayar mai maganar ko ya taɓa yin ƙarya. Sun san haka. Da shi suke cin zaɓe.

Aka kira ni in kawo wa manyan baƙi shayi. Na jera kofuna a faranti na fito. Ustaz ya ɗauki nasa, idonsa ya sauka a kan yatsana, inda tawada take nan daram. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla da 'yar'uwa. Allah ya bar zumunci."

Na ce, "A ƙara sukari?"